Matsattsakun da Aka Raɗa wa Sunan Almasa

Rantsuwar da mijin ƙanwata Ramiz ya yi, cewa Nedim ba zai ƙara taka ƙofar gidansa ba, a shagon gahawata ta samo asali, kuma a gaban idona.

Ni ne Sabit. Rabin rayuwata a kan tirela na yi shi, tsakanin Stolac da Hamburg, har gwiwa ta zaunar da ni na koma dafa wa tsofaffin ƙauyenmu gahawa. Karatuna bai wuce na alamomin kan titi ba. Mutane dai na gan su iri-iri.

Almasa 'yar ƙanwata Fadila ce, tana koyarwa a firamaren ƙauye. Nedim kuwa maraya ne daga ƙauyen ƙetaren ruwa, yana kammala digiri na biyu a Sarajevo kan ilimin dabbobi. Ba dabbobin da ake kiwo ko ake yankawa ba. Shi nasa ƙananan halittu ne da ke zaune cikin kogunan dutsen da ke ƙarƙashin gonakinmu, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba.

Dama can Ramiz da ƙyar yake amsa gaisuwarsa.

"Ƙato da gemu, yana rarrafe a rami yana neman tsutsa," in ji shi.

Amma da yaron ya sami gurbin karatun digiri na uku a Ljubljana, can ƙasar waje, da tallafi da ɗakin ma'aurata, sai Ramiz ya ɗan sauko. Aka tsayar cewa da an gama tsinkar taba, baffannin Nedim za su zo neman aure, a yi biki kafin kaka, su tafi tare.

Ana cikin haka wata safiya Hamdo wanzami ya faɗo shagona da jarida a hannu.

"Ramiz-aga, surukinka ya shiga jarida! Har da hoto!"

Na ga Ramiz ya gyara zama.

Hamdo ya maƙala gilashi ya fara karantawa da ƙarfi. Wai wani matashi ɗan yankinmu ya gano halittar da duniya ba ta san da ita ba. Wai an gwada ƙwayoyin halittarta, an tabbatar babu irinta ko'ina sai a kogon da ke bayan ƙauyenmu. Tsofaffi suka fara gyaɗa kai, wani har ya ce masha Allah.

"Matsattsaku ne fari, marar idanu," Hamdo ya ci gaba, yana danne dariya. "Kuma bisa al'adar masana, wanda ya gano shi ne ke raɗa suna. Matashin ya sa masa *almasae*, don girmama budurwarsa, Almasa."

Sai wani daga can lungu ya fashe da dariya.

"Barka, Ramiz-aga! Ka yi jika tun ba a ɗaura aure ba!"

"Yaron nan ya san mata," in ji wani. "Tun yanzu ya gane za a tsotse shi."

Dariya har da masu buga tebur. Ni ban yi ba, domin na tuna abin da su suka manta. Sunan Almasa ba daga sama ya faɗo ba. Sunan mahaifiyar Ramiz ne, wadda ta raine shi ita kaɗai da ɗinki da noman taba, kuma ƙasar kabarinta ko gama kwanciya ba ta yi ba.

Ramiz ya ajiye finjalinsa a hankali. Ya fita ya bar hularsa a kan kujera.

*

Da la'asar na kai masa hular. Ina tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi sai ga Nedim, riƙe da kwalin baklawa, alkakin ƙasarmu, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da Aljanna. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Shi a zatonsa godiya ya zo karɓa.

Ramiz ya tare ƙofa.

"Tsaya nan."

"Baffa Ramiz, barka da yamma. Kun ga jaridar?"

"Mun gani. Duk ƙauye sun gani. Me uwata ta yi maka?"

Murmushin ya zame daga fuskar yaron.

"Uwarka, Baffa?"

"Sunan wa ka ɗauka ka liƙa wa abin da ke shan jinin shanu a kududdufi?"

"Wannan ba ya shan jini, Baffa, shi ƙananan..."

"Kada ka karantar da ni a ƙofar gidana!"

Fadila ta leƙo daga madafa ta koma. A taga ta sama labule ya motsa, na san Almasa ce.

"Baffa, wallahi a wurinmu babu karramawar da ta fi wannan," in ji Nedim. "Manyan malamai sai su mutu ba a sa sunansu a kan komai ba."

"To ka karrama su. Gobe ka koma Sarajevo ka ce kuskure ka yi, a janye sunan."

Da ni ne, da na ce to, in je in dawo da wata dabara. Amma yaron nan bai iya ƙarya ba, shi ne babban ciwonsa.

"Ba ya janyuwa."

"Me ka ce?"

"Da zarar an buga shi a mujallar masana, ya zauna ke nan. Ni ban isa in canza ba, malamina bai isa ba, gwamnati ma ba ta isa ba. Ko bayan mun mutu, haka za a riƙa kiransa."

Ya faɗi haka ne har da ɗan alfahari, Allah sarki.

Ramiz ya ɗaga yatsa.

"To na rantse da Wanda raina ke hannunSa, muddin sunan uwata na kan wannan ƙazamin abu, ba za ka taka gidan nan ba, kuma 'yata ba ta zama matarka."

Ya turo ƙofa. Na ji kwalin baklawa ya faɗi a waje, sama kuma na ji kuka ya ɓarke.

*

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi wa Almasa daɗi ba. Ta shiga aji ta tarar an zana mata tsutsa da kallabi a allo. A layin burodi mata suna yi mata sannu kamar wadda aka yi wa rasuwa. Ta daina ɗaga wayar Nedim.

Sai ga Mirsad ya kunno kai.

Mirsad ba mugun yaro ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya yi zaman Jamus ya dawo da ƙiba da mota, ya gina zauren biki a bakin hanyar Mostar. Tun da daɗewa idonsa na kan Almasa. Da ya ji an rufe wa wani ƙofa, sai ya fara kawo wa Ramiz kifi da zuma.

Fadila ta sa 'yar a gaba safe da yamma.

"Ki dubi Allah ki dubi ubanki. Ya daina zuwa shagon Yaya, ko masallaci ta bayan gari yake bi. Mirsad yana nan kusa, kullum zan gan ki. Wancan fa? Ya kai ki ƙasar da ba ki san kowa ba, ya kulle ki a ɗaki ya shige rami."

"Mama, ki bar ni."

"Ba zan bar ki ba. Asabar mutanen Mirsad za su zo neman aurenki."

Ranar Alhamis da hantsi Almasa ta shigo shagona, idanu sun kumbura.

"Kawu, rufe shagon nan."

"Lafiya, 'yar ƙanwata?"

"Ina so in ga abin. Kowa na dariya, ba wanda ya taɓa ganinsa, har ni mai sunan. Na gaya wa Nedim ya jira mu a bakin kogo. Kai za ka raka ni, kada a ƙara min wani surutun a kan wanda nake ciki."

"Ni da wannan gwiwar?"

"Da ita ka je Hamburg."

Muka tarar da shi zaune a kan dutse, ya rame har wuya ya fito. Bai iya kallon idonta ba. Ya miƙa mana huluna masu fitila, muka sunkuya muka shiga.

Na kwana a kan iyakoki cikin ƙanƙara, amma sanyin wurin nan daban ne, har ƙashi yake shiga. Muka yi ta rarrafe, ina tsine wa ilimi da masu shi a zuci, har muka iso wani ɗan tafki mai ruwa garai-garai. Nedim ya durƙusa ya haska.

"Ga shi nan."

Abu ne fari sol, bai kai ɗan yatsana ba, yana jan jiki a kan dutse kamar ba shi da inda za shi. Ba ido, ba fuska.

Almasa ta daɗe tana kallo.

"Mummuna ne," ta ce.

"Eh."

"Ko musu ba za ka yi ba?"

"Mummuna ne, Almasa. Ni dai idona ya saba."

Sai hawaye suka zubo mata.

"Da ka dube ni, wannan ka gani? Wasu ana sa wa fure sunansu, ana sa wa jirgin ruwa. Ni sai wannan?"

"Ba ni da fure. Ba ni da jirgi," in ji shi. "Ba ni da gida, ba ni da gona, ɗakin da zan kai ki ma na jami'a ne. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe abin da yake nawa ni kaɗai ba sai wannan. Yana nan tun kafin a yi ƙauyenmu, ba idon da ya taɓa sauka a kansa sai nawa. Abokaina duk suka ce in sa sunan malamina, haka ɗalibi mai wayo ke yi in yana neman gurbi. Na ɗauki alƙalami zan rubuta, hannuna ya ƙi."

"Ka tambaye ni?"

Ya sunkuyar da kai.

"Nedim, da kai nake. Ka tambaye ni?"

"So na yi ya zo miki ba zato."

"Ai kuwa ya zo! Yaran da nake koya wa karatu suna bi na suna tsotsar hannu. Babona ba ya iya ɗaga kai a gari. Kakata ce ta yaye ni, a bayanta na yi wayo, ka zauna a gidanmu ranar zaman makokinta, amma ko sau ɗaya bai faɗo maka a rai ba cewa sunanta ne?"

"Bai faɗo ba. Ni in na ji sunan nan, ke kaɗai nake gani."

"Kada ka yi min daɗin baki a cikin rami!"

"Ba daɗin baki ba ne. Laifi ne, na yarda. Ki ce in bar Ljubljana, in bari. In zo in yi wa Baffa noman taba har ya huce."

"Sunan zai goge in ka bari?"

"A'a."

"To me ka gyara? Ka ɓata sunana, ka kuma ɓata karatunka, sai in aure ka mu zauna muna kallon juna?"

Ta share fuska da bayan hannu, laka ta shafe mata kumatu. Shi ma kuka yake, bai ko ɓoye ba. Ni na juya ina duban bango kamar akwai abin gani.

"Asabar mutanen Mirsad za su zo," ta ce.

"Na ji."

"Ka tafi karatunka, Nedim. Kada ka kuskura ka bar shi saboda ni."

"Amsarki ke nan?"

Ta juya ta kama hanyar fita, ba ta waiwayo ba.

*

Washegari bayan sallar Juma'a Mirsad ya tsaya da motarsa, ya ce lallai sai mun je mun ga wani abu. Ramiz a gaba, ni da Fadila da Almasa a baya.

Ya kai mu zaurensa. A saman ƙofa an kafa ƙaton allo, an rubuta ALMASA da haruffa ruwan zinare, kowane harafi ya kai tsayin yaro, ga furanni an zana a gefe.

"To, Baffa?" in ji Mirsad yana murza hannu. "Haka ake yi wa suna mai daraja."

Idon Ramiz ya ciko. Ya daɗe bai ga sunan nan a inda ba a dariya ba. Fadila ta dafa ƙirji tana ta sa albarka.

Almasa ta ɗaga kai tana kallo.

"Ya yi kyau. Amma kamar da ba haka sunan wurin yake ba."

"Da Belma ne," Mirsad ya ce yana dariya, ko a jikinsa. "Wadda muka yi baiko bara, abin bai yiwu ba. Ai ba wahala. Mai fenti ya zo da safe, kafin azahar ya gama."

"Kafin azahar," in ji Almasa.

"Wallahi. Yaron akwai sauri."

A hanyar dawowa Almasa ta kafa ido a tagar mota. Ni da na yi shekaru ina kallon fuskokin ma'aikatan kan iyaka don in gane wanda zai bar ni in wuce, na duba tata na kasa karanta komai.

*

Asabar da hantsi suka zo, Mirsad da mahaifinsa da baffanninsa biyu, da kwat da turare. Aka zauna a babban ɗaki. Aka yi zancen taba, aka yi na ruwan sama, sannan babban baffan ya gyara murya ya faɗi abin da ya kawo su.

A wurinmu ba a amsa irin wannan da baki. Yarinya ce ke kawo gahawa. In da zaƙi, an ba ku. In ba sukari, ku sha ku yi sallama, ba wanda aka ci wa fuska.

Ramiz ya leƙa madafa, na ji shi da kunnena.

"Fadila, a cika sukari."

Muka jira. Mirsad sai share gumi yake.

Almasa ta shigo da faranti, kanta a ƙasa. Ta fara da baƙi, ta zo kaina, ta ƙare da mahaifinta. Ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Na kai finjali baki.

Shekara da shekaru ina dafa gahawa, ban taɓa ɗanɗana mai ɗacin wannan ba.

Babban baffan ya kurɓa, ya dubi ɗan'uwansa. Mahaifin Mirsad ya ajiye nasa a hankali. Mirsad kuwa ya sake kurɓa, wai ko sukarin ya kwanta a ƙasa.

Ramiz ya kurɓa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Duk ɗakin shi ake kallo, domin har yanzu da sauran hanya. Yana iya cewa mantuwa ce, a kawo sukari, a yi dariya a wuce.

"'Yata," ya ce, "kin manta da sukari."

"Ban manta ba, Babo."

Fadila ta toshe baki daga bayan labule.

Uba da 'ya suka dubi juna. Hawaye na gangaro mata, amma ba ta sauke ido ba. Na san Ramiz tun yana saurayi yana zagayen gidanmu. Mutum ne mai zafi, amma bai taɓa tura ko akuya inda ba ta so ba.

Ya ɗaga finjalin ya shanye tas, har da gari.

"Kun ji amsar gidan nan," ya ce wa baƙin. "Ku yi haƙuri. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Suka tashi da mutuncinsu. A bakin ƙofa Mirsad ya dube ni, fuskarsa abin tausayi.

"Kawu Sabit, me na yi?"

"Ba ka yi komai ba, ɗana. Gaskiya kawai ka faɗa."

*

Da motarsu ta tafi, Ramiz ya fito ya zauna ƙarƙashin inabi. Almasa ta zo ta durƙusa ta kama hannunsa za ta sumbata. Bai ba ta ba, bai kuma janye ba.

"Kin kunyata ni."

"Na sani, Babo. Ka yafe min."

"An ce kin je kin ga abin." Ya harare ni. Na dubi sama.

"Na gani."

"Yaya yake?"

"Mummuna ne ƙwarai."

"To don me?"

Ta ɗora goshinta a kan hannunsa.

"Na yi masa kuka, sunan bai goge ba. Ka yi rantsuwa, bai goge ba. Shi kansa ya ce zai bar karatunsa, bai goge ba. Wancan kuwa kafin azahar ake gamawa. Babo, wauta ya yi, kuma zan daɗe ina yi masa gorinta. Amma shi nake so."

"Uwata fa?"

Sai ta fashe da kuka.

Ramiz ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya sa tafin hannu ya share idanunsa da ƙarfi, kamar mai jin haushinsu.

"Rantsuwa tawa ce, ni zan yi kaffararta. Amma sunan ba nawa ba ne da zan yafe." Ya juyo gare ni. "Sabit, ka je ka samo mutumin ramin nan. Ka ce ranar Juma'a ya same ni a maƙabarta. Ya tsaya a kan uwata, ya karanta mata Fatiha, sannan ya gaya mata da bakinsa abin da ya sa wa sunanta. Duka, har da rashin idon. Ina bayansa ina ji. In ya iya wannan, baffanninsa su zo."

Almasa ta rungume gwiwoyinsa tana kuka tana dariya. Ya ture ta a hankali.

"Tashi, ya isa. Je ki ɗora wata gahawar."

Ta miƙe da gudu, har ta kai ƙofar madafa ya kira ta.

"Almasa."

"Na'am, Babo."

"Ki sa sukari. Har yanzu bakina ɗaci yake."